Injin da Muka Kashe wa Baba Ɗan Ladi a Sama

Har gobe ba na mantawa da ranar da wata tsohuwar kwamfuta ta mutu a gaban wani dattijo, ta kusa hana shi zuwa Makka. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku matso ku ji, don irin wannan ba a koyar da shi a wurin horo.

A lokacin ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata lakol, wato makaranta, a Agiye, wani lokaci kuma a are ni zuwa Gazawa idan tasu ta lalace. Ga wanda bai san tsarin ba: mai kula da ɗakin kwamfuta ba ya koyarwa. A kansa akwai ekonom, wanda duk kayan lakol ke hannunsa, tun daga alli har benci. A kan ekonom akwai direkta. Ƙa'ida kuwa ita ce, komai lalacewar na'ura, kayan gwamnati ce. Ba a fita da ita ƙofar lakol, ba a kwance ta a ciri wani abu sai da izinin direkta da sanin ekonom.

Cikin kwamfutocin ɗakin akwai wata babba mai baƙin akwati, wadda ta girmi duk sauran. 'Yan lakol suna kiranta Kaka. Malamin kimiyya, Mushe Sanusi, shi ya fi kowa amfani da ita. Mutum ne mai son jirgin sama tun yana ƙarami, duk da Allah bai nufe shi da tuƙawa ba. Ya sa mata wani shiri mai kwaikwayon tuƙin jirgi: kana zaune gaban allo, sai ka ga kanka a kujerar matuƙi, ga agoguna, ga titin tashi, ga sararin sama. Wani abokinsa ya aiko masa da sandar tuƙi daga Yamai, ya haɗa. Duk Laraba da yamma ƙungiyar kimiyya ta lakol takan taru, kowa ya ɗan tashi da ƙaramin jirgi ya zagaya ya sauka, Mushe Sanusi na bayyana musu yadda iska ke ɗaukar fiffike. Kaka tana yin wannan ba gardama.

Bayan ƙaramar Sallah ne, tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da rana, Mushe Sanusi ya shigo burona, wato ofishina, ya rufe ƙofa.

"Lawali, alfarma nake nema," in ji shi. "Ni da ƙannena mun haɗa hannu mun biya wa Baba kujerar Makka. An yi fasfo, an yi allura, komai ya kammala. Na ɗauko shi daga Cadakori yana gidana, jiran tafiya Yamai kawai ake. Yanzu ya ce ba za shi ba."

Na ce, "Subhanallahi. Wane dalili ya bayar?"

"Wai kiran bai zo ba tukuna. Amma na san Baba. Jirgin yake tsoro, kunya ta hana shi faɗa."

Baba Ɗan Ladi tsohon direban manyan motoci ne. Ƙuruciyarsa duk a kan hanya ta ƙare, daga Maradi zuwa Damagaram har Agadas. Yanzu gwiwa ta fara cinsa, da sanda yake tafiya. Abin da ke damun ɗansa ke nan: idan bana ta wuce, ba wanda ya san ko baɗi ƙafafun za su iya ɗawafi. Shawararsa ita ce ya kawo tsohon ɗakin kwamfuta, ya nuna masa tafiyar daga tashi har sauka, ya ga ba wani abin firgita. Na ce wannan dabara ce mai kyau. Direkta ma da aka sanar da shi ya ce ba laifi.

Ranar Laraba bayan 'yan ƙungiya sun watse, Baba ya iso cikin farar riga, ya zauna a kujerar da na ajiye masa, ya jingine sanda a jikin tebur. Mushe Sanusi ya zaɓi babban jirgin fasinja mai inji biyu, irin wanda alhazai ke hawa. Kaka ba ta taɓa ɗaukar irinsa ba. Jirgi ya ruga a kan titi, ya ɗaga hanci, ƙasa ta fara nisa. Na ga Baba ya matso da fuskarsa kusa da allo. Gidaje suka koma kamar ƙwayar gero. Ana cikin haka hoton ya fara tsalle, ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Fankar da ke cikin akwatin ta ɗauki kuka kamar injin niƙa. Sai ɗif, allo ya yi baƙi ƙirin.

Na ɗaga kai na dubi fankar sama. Tana juyawa. Ba kuran, wato wutar lantarki, aka ɗauke ba.

"Mi ya hwaru?" in ji Baba.

Mushe Sanusi ya ce, "Baba, kwamfutar ce ta ɗan..."

"Ya mutu ke nan? A sama?"

Muka fara bayani mu biyu lokaci guda, cewa ba jirgin ba ne, na'urar ce. Bai saurare mu ba. Ya ɗauki sandarsa ya miƙe a hankali.

"Allah ya nuna mini, na gode mishi. Ran Lahadi ni koma gida."

Da ya fita, Mushe Sanusi ya zauna ya dafe kai. "Lawali, garin neman gira na rasa ido."

Na ce masa ya bi tsohon ya kai shi gida, ni kuma ya bar ni da Kaka.

To, ga abin da nake so ku riƙe. Idan na'ura ta mutu, kada ka yi gaggawar kwance ta. Fara sa ta ta sake yin laifin a gabanka. Washegari da safe na kunna ta, na yi rubutu, na buɗe hotuna, lafiya lau. Na ɗora ƙaramin jirgi, ta ɗauka. Na ɗora babban, ba a jima ba ta sake ɗaukewa. Na'urar da ke aiki lafiya sai an ɗora mata nauyi ta faɗi, abu biyu ake fara zargi: zafi ko ƙarancin wuta.

Na cire ta daga kuran na buɗe murfin. A kan ƙarfen nan mai haƙora da ke zuƙe zafi daga ƙwaƙwalwar na'ura, zanzaro ya gina gidansa na laka, ya toshe rabin hanyar iska. Ta kafar bayan akwatin ya riƙa shiga, wataƙila tun hutun damina. Na ɓamɓare gidan a hankali na ajiye gefe. Na hure ƙurar da famfon keke, na share da burushi. Da na ɗaga ƙarfen, man da ake shafawa tsakaninsa da ƙwaƙwalwar don zafi ya wuce ya bushe ya zama kamar ƙanzo. Na kankare, na goge, na ɗiga sabo daidai ƙwayar wake. Ba a cika shi, yawansa ma illa ne.

Na mayar na kunna. Kukan fanka ya ragu, ma'aunin zafi ya sauka. Har na fara murna. Jirgi ya tashi, ya yi nisa fiye da jiya, ya shiga gajimare. Sai ɗif.

Wannan karon zafin yana daidai, na gani da idona kafin ta ɗauke. Saura wuta ke nan. A kowace kwamfuta akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke karɓar kuran daga bango ya rarraba wa sassa. Na haska tocila ta ragar jikinsa, na hango ƙananan gwangwanayen da ke ciki, kawunansu sun kumbura, ɗaya ma ya yi tsatsa a baki. Ina gargaɗinku, wannan akwati ba a buɗe shi da wasa. Yana riƙe wuta ko bayan an cire waya, yana iya kayar da mutum. Canza shi ake yi.

A ɗakin ajiya muna da matattun kwamfutoci jibge, sun yi shekaru ba mai taɓa su. Na tafi buron direkta na yi masa bayani.

Ya ce, "Malam Lawali, ka san ƙa'ida. Kayan gwamnati ne."

Na ce, "Na sani, Mushe Direkta. Ba abin da zai fita ƙofa. Daga matacciyar lakol zan cira in sa wa rayayyar lakol. Ko ba don tsohon ba, ƙungiyar kimiyya za ta ci moriya."

Ya juya ya kalli taga. Shi ma mahaifiyarsa ta rasu da burin zuwa Makka, kowa a lakol ya sani. Ya aika aka kira ekonom, ya ce masa, "Ka buɗe masa ɗakin ajiya, ka tsaya ka ga abin da ya ɗauka." Sannan ya juyo gare ni. "In tsohon nan ya tafi, ka ce ya sa mu a addu'a."

Na sami akwatin wuta mai lafiya, wanda ya fi na Kaka ƙarfi. Na kuma ciro sandunan memuwar, wato inda na'ura ke shimfiɗa aikin da take yi a lokacin. Kaka tana da gurabe huɗu, biyu ne kawai a cike. Na cika su na kunna, sai ta kama kuka, ƙit ƙit ƙit, allo bai kawo komai ba. Ekonom ya zaro ido ya ce, "Ka kashe ta gaba ɗaya?" Na ce a'a, ƙorafi take yi. Na riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya ina kunnawa, har na gano ruɓaɓɓiyar, na musanya ta.

Yanzu ta daina mutuwa, amma hoton yana nan yana ɗingishi. Jirgin da ke tafiya yana tsalle kamar kwaɗo ba zai kwantar wa kowa da hankali ba. Abin da ya rage shi ne katin hoto, sashen da ke zana abin da ake gani a allo. Wannan babu shi a ɗakin ajiya. Mushe Sanusi ya ce shi zai saya ya bai wa lakol kyauta. Ranar Juma'a da sassafe, da izinin direkta, na hau motar haya zuwa Maradi.

A shagon da ake sayar da kayan okaziyo, wato waɗanda aka yi amfani da su, mai shagon ya fito mini da wani ƙaton kati mai fanka uku. "Wannan ka ɗauka, maigida, jirgi har wata zai kai ka."

Na ce, "Alhaji, ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi. Wutata ba za ta ciyar da shi ba, ƙwaƙwalwar ma ba za ta bi gudunsa ba."

Na zaɓi matsakaici mai fanka ɗaya, na sa ya gwada shi a gabana. Na haɗa da faifan ajiya na zamani, irin wanda ba ya juyawa, don na Kaka ya fara ƙara kamar ana tauna tsakuwa. Da na dawo na haɗa komai, na kwashe shirin zuwa sabon faifai. Sannan na shiga cikin shirin na rage masa kwalliya: inuwar gajimare, motocin da ke yawo a titunan ƙasa, ƙyallin ruwa. Mai kallo ba zai lura da rashinsu ba, na'ura kuwa ta sami sauƙi. Na kuma ɗinke kafar baya da ragar sauro.

Ranar Asabar da tsakar rana na rufe tagogi na kashe fankar sama da gangan. Ina zufa kamar an tsamo ni daga rijiya, Mushe Sanusi ya tuƙa babban jirgin daga tashi har sauka. Kaka ba ta yi ko tari ba.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau, sai dai a banza. Na yi wa Baba magana jiya, ya ce ya gani, ya isa. Har ya ɗaure kayansa."

Na ce ya bari in je in gaishe shi.

Na tarar da Baba a zaure kan tabarma, yana sauraren rediyo. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi gwiwa. Sai na kwance ƙyallen da na zo da shi, na ajiye gidan zanzaron a gabansa.

"Baba, ga abin da ya kashe mana na'ura rannan. A hanyar iskarta ya gina."

Ya ɗauka ya jujjuya, ya rage muryar rediyo. "Zahi ta yi ke nan?"

"Zafi ta yi, Baba. Da na gyara wannan kuma na tarar wutarta ma ta yi rauni."

"Haka na," in ji shi. "Mota ma haka ta kan yi. Ka gyara lagireto, ka iske batir na jiranka."

Ya ajiye gidan zanzaron. Can ya yi magana, muryarsa ƙasa ƙasa, yana duban ƙofar cikin gida kada wani ya ji.

"Ɗana, wanga yaro ya ɗauka tsawo ni ka tsoro. Ni da na hau saman lodi mota na gudu? Ba tsawo ba na. Na yi zamani da inji. Ban taɓa ganin injin da bai mutuwa ba, sabo ko tsoho. Na kwana cikin rairayi da matacciyar mota, ruwa ya ƙare muna. Amma a ƙasa, in ta mutu, sai ka gangara gefen hanya ka sa dutse. A sama fa? Ina gefen hanyar?"

Nan na gane mun yi kwanaki muna shirya amsar tambayar da bai yi ba. Mu muna so mu nuna masa tafiya mai santsi, shi kuwa ranar da ba santsi yake son gani.

Na ce, "Baba, ku zo da la'asar. Wannan karon ba za mu jira inji ya mutu ba. Ku da kanku za ku ce a kashe shi."

Ya dube ni da kyau. "Ana iyawa?"

"Ana iyawa."

Da na gaya wa Mushe Sanusi, sai da ya riƙe baki. "Lawali, so kake mu ƙarasa shi?" Na ce ya taɓa gwada saukar da jirgi ba inji? Ya ce ya sha yi don nishaɗi, wani lokaci ya dace, wani lokaci a'a. Na ce to yau sai ya dace.

Bayan sallar la'asar Baba ya zo. Jirgi ya tashi sumul, ya hau sama ya daidaita. Ni ina gefe, idona na kan ma'aunin zafi, bakina na motsi da addu'a. Baba ya bari aka yi nisa, sannan ya buga sanda a ƙasa.

"Kashe guda."

Mushe Sanusi ya kashe injin dama. Ƙarar ta ragu, jirgin ya karkata, ya mayar da shi ya daidaita. Aka ci gaba da tafiya.

"Bai hwaɗi ba," in ji Baba.

"Ba ya faɗuwa, Baba. Da ma an ƙera shi yadda inji ɗaya zai iya kai shi filin sauka mafi kusa."

"To kashe ta biyun."

Na ga gumi na bin wuyan Mushe Sanusi. Ya kashe. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar iska daga lasifika. Jirgin ya ɗan sunkuyar da hanci, ya fara gangarowa a hankali, kamar shirwa ta buɗe fiffike ta daina kaɗawa. Ƙasa tana matsowa, amma ba da gudu ba. Mushe Sanusi ya juya shi ya nufi wani fili da ke can gaba. Baba ya kama bakin tebur da hannu biyu. Titi ya bayyana siriri, ya yi ta faɗi. Tayoyi suka bugi ƙasa da ƙarfi, jirgin ya yi tsalle, ya sake bugawa, ya yi ta gudu har kusan ƙarshen titi, ya tsaya.

Mushe Sanusi ne ya fara magana, ya ce, "Baba, gaskiya wannan kwaikwayo ne, ba jirgin gaske ba. Ni kuma malamin lakol ne. Matuƙan gaske a kan irin wannan ake horar da su, su yi ta maimaitawa kafin a ba su mutane."

Baba ya saki tebur, ya share fuska da hannun riga. "Ashe gangara shi kai. Kamar mota a kan tudu." Ya numfasa. "To. Wanga na gane shi. Sauran na Allah na, ko a ƙasa ma nashi na."

Sai ya miƙa hannu ya ce a ba shi sandar tuƙin. Aka sake tayar masa da jirgi, ya riƙe, ya karkata hagu, ya karkata dama, yana dariya har haƙoransa na goro suka bayyana. Ya tambaya ina giyar take. Da aka ce babu, ya ce lalle direbobin sama hutu suke yi. Mushe Sanusi ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo idanunsa sun yi ja.

Baba bai koma Cadakori ranar Lahadi ba. Ya tafi Yamai tare da sauran maniyyata, ya sauke farali, ya dawo lafiya. Bayan dawowarsa ya zo lakol da dabino da ruwan zamzam, ya bai wa direkta, ya bai wa ekonom, ya ba ni. Ya ce a jirgi an zaunar da shi kusa da wani manomi daga Sae Sabuwa. Da jirgi ya shiga gargada, mutumin ya kama salati yana kuka, Alhaji Ɗan Ladi ya riƙe masa hannu ya yi ta yi masa bayanin inji biyu har ya natsu. Da shekara ta zagayo, sai ga Alhaji Ɗan Ladi da wasu tsofaffi, har da mata biyu, wai a nuna musu. Direkta ya sa aka jera musu benci. Tun daga nan abin ya zama al'ada a lakol ɗin duk lokacin tafiyar alhazai.

Abin da na koya a wannan aiki, na farko, tsohuwar na'ura ba a yanke mata hukunci da faɗuwa ɗaya, ba a kuma yarda da ita don gyara ɗaya. A bi ta sannu, a gwada ta a yanayi mafi tsanani kafin a kira mai ita. Na biyu ya fi wannan nauyi. Mu masu gyara muna da ɗabi'ar tare allo da jikinmu idan abu ya lalace, mu ce wa mutum ba komai, ya je ya dawo. Mutanenmu ba yara ba ne. Sun ga fari, sun ga rijiya ta ƙafe, sun san komai na iya lalacewa, kuma wanda ya ce musu ba ya lalacewa sun daina sauraronsa. Idan ka zauna ka ji ainihin abin da mutum ke tsoro, ka buɗe masa ka nuna masa ga yadda yake lalacewa, ga kuma abin da ake yi idan ya lalace, zai ɗauki sauran da kansa. Dattijon da ya ɗaure kayansa zai koma ƙauye, da ƙafarsa ya hau matakalar jirgi.